Wa Ya Ja Maka Wuta? Koyon Sana'a, Lasisi da Ƙaro Ilimi ga Masu Aikin Lantarki

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, injiniya a Ma'aikatar Ayyuka ta jiha, ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara.



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fara aiki tun ban shiga firamare ba. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Kamar yadda Ma'aji ya karanta mana ɗazu, ƙungiya ta tara kuɗi don a sake wayarin ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakin gwaje-gwaje, a kuma sa wa rijiyar burtsatse sola. Nan da 'yan makonni za a danƙa wa wani wannan aiki. Kuma sanin kowa ne cewa babu ɗaya daga cikinmu da ba shi da ƙane, ko suruki, ko yaron unguwa wanda ake cewa ya iya wuta. To kafin a fara kai wa Shugaba sunaye da daddare, ya kamata mu zauna da rana tsaka mu fahimci wane ne ya iya wuta, ta yaya ake koyonta, wa ke ba da izinin yin aikinta, kuma me ya sa wanda ya iya ta shekara ashirin da suka wuce zai iya zama bai iya ta ba a yau.

Aikin lantarki ya bambanta da sauran ayyukan gini ta fuska guda mai muhimmanci. Idan birkila ya karkata bango, kowa zai gani. Idan kafinta ya yi rufi marar kyau, ruwan farko zai tona masa asiri. Mai fenti kuwa ko yaro ya san in ya yi ha'inci. Amma mai wayarin, da zarar an yi filasta an rufe silin, aikinsa ya shige duhu. A ranar da ya gama zai danna makunni, ƙwai ya kawo haske, fanka ta juya, mai gida ya yi murna ya biya shi, har ya ƙara masa na goro. Kawo haske kuwa ba shi ne shaidar aiki ya yi kyau ba. Mummunan wayarin ma yana kawo haske. Sai bayan shekara uku ko biyar, a wani dare na hunturu, sannan zai bayyana halinsa, lokacin da wanda ya yi aikin ya daɗe da barin garin.

Bari in yi mana ɗan lissafi irin wanda malaminmu na kimiyya ya sha wahalar cusa mana a ka. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, idan ta zo yadda ya kamata. Hitar dafa ruwa mai wat 3,000 tana jan kimanin am 13. A ƙara mata dutsen guga mai wat 1,000 da murhun lantarki mai wat 1,500, jimla wat 5,500 ke nan, wato kusan am 24. Siririyar waya mai kauri 1.5, wadda aka yi domin fitilu, ba a yi ta don ɗaukar wannan kaya ba. Kuma zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora mata: idan aka ninka abin da take ɗauka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu. Robar da ke jikinta za ta yi laushi, ta bushe, ta tsage, a cikin silin inda akwai katako da ƙura da sheƙar ɓera. Abin da ya kamata ya ceci gidan shi ne fis ko bireka, wanda zai yanke wutar kafin waya ta ƙone. To amma idan fis yana yawan yankewa ya dami mutane, sai a kira wani ya cire siririn zaren da ke ciki ya ɗaura kakkaurar waya, wani ma har ƙusa yake sa wa. Daga ranar an kori maigadi ke nan, an bar gida a buɗe. Ku tuna a ɗakin kwanan ɗalibai ake maganar, inda a lokacin sanyi kowane lungu akwai hita a ɓoye cikin bokiti. Mu ma mun yi zamani a ɗakunan nan, ba sai an ba mu labari ba.

Kasuwanninmu sun sha gobara. Ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina duk sun ƙone a farkon 2021, kuma duk lokacin da irin wannan ta faru abin da baki ke fara ambata shi ne wutar lantarki. Mukan ce ƙaddara ce, kuma lalle babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma wanda ya shiga layukan kasuwa ya ɗaga kai ya ga yadda wayoyi suka sarƙe kamar saƙar gizo-gizo, an ɗaure mahaɗa da leda maimakon salatif, ya san cewa mun taimaka wa ƙaddarar ƙwarai da gaske.

Yanzu ta yaya yaro ke zama mai aikin wuta a ƙasar nan? Mafi yawa ta hanya guda ce. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida, ya ce ga amana. Yaro ya fara da sharar shago da ɗaukar tsani da zuwa sayen abinci. Bayan wata shida a ba shi guduma da kurfi ya riƙa fasa bango don a binne bututu. Sannu a hankali ya fara jan waya, ya ɗaura soket, ya haɗa makunni, har wata rana maigida ya tura shi aiki shi kaɗai. Bayan shekara uku ko biyar ko bakwai, gwargwadon halin maigidan, sai a yaye shi, a yi addu'a, a ba shi filaya da sukundireba da testa. Ba na raina wannan hanya ko kaɗan, kuma ina roƙon 'yan'uwana masu digiri su daina raina ta. Ita ce ta ja wuta a kusan kowane gida da muke kwana a ciki. Tana koyar da abin da jami'a ba ta koyarwa: yadda hannu ke sanin an ɗaure sukuru da kyau, yadda ake bi da birkila mai taurin kai, yadda ake yi wa mai gida lissafin kaya. A wurin aiki mukan ga injiniya da zanensa a hannu, amma idan aka ce ya haɗa allon rarraba wuta da kansa sai ya fara duba agogo.

Raunin wannan hanya guda biyu ne. Na farko, yaro ba ya wuce sanin maigidansa. In maigida bai san dalilin da ya sa ake binne sandar atin a ƙasa ba, yaransa goma ba za su sani ba, su ma kowannensu zai yaye goma. Yaro ya san ana sa waya 2.5 a soket, amma bai san me ya sa ba, saboda haka ranar da mai gida ya ce kuɗi sun yi kaɗan, sai ya sa 1.5 zuciyarsa ɗaya. Na biyu, babu rubutu. Mutane da yawa ba su san cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda aka yi tun 1974, ta yi tanadi a kan koyon sana'a ba. Ta ce a yi yarjejeniya a rubuce, kada wa'adinta ya wuce shekara biyar, kuma jami'in ƙwadago ya shaida ta. Ku tambayi masu shago nawa ne suka taɓa ganin irin wannan takarda. Rashinta ne ke sa wani maigidan ya riƙe yaro shekara takwas yana yi masa bauta, ya kuma ɓoye masa muhimman abubuwa don kada ya zama kishiyarsa. Shi ne kuma ke sa wani yaron ya gudu bayan wata tara, ya sayi testa, ya rubuta lambar wayarsa a jikin katanga da sunan injiniya.

Gwamnati ta daɗe tana ƙoƙarin cike wannan giɓi, sai dai ƙoƙarin ya warwatsu a hannun hukumomi da yawa, har ma'aikaci irina yakan rikice. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, mai hedkwata a Jos. A 1977 aka kafa hukumar ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna. A 1986 aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta fito da shirin tura matasa wurin masu sana'a su koya. A farkon shekarun 1990 aka kafa hukumar jarrabawa ta NABTEB a Benin, wadda ta karɓi jarrabawar kwalejojin fasaha. Ga kuma tsohuwar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda masu sana'a ke kira tiret-tes, mai mataki uku, a fara daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 ma an kawo shi ne da niyyar yaro ya taɓa kayan aiki tun daga ƙaramar sakandare, har aka shigo da injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Iyayenmu malamai da ke zaune a nan sun fi ni sanin yawan waɗanda suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, saboda babu wutar da za a kunna su ko babu malamin da ya san su.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a cikin duk waɗannan shi ne tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da ake kira NSQ, wanda NBTE ke kula da shi. Hikimarsa ita ce ba ya tambayar wace makaranta ka yi. Mai tantancewa zai zo ya tsaya a kanka kana aiki, ya yi maka tambayoyi, ya duba ayyukan da ka riga ka yi, sannan a ajiye ka a matakin da ka cancanta. Wato mutumin da ya shekara ashirin yana wayarin, ba shi da ko takardar firamare, yana iya samun shaidar da hukuma ta yarda da ita. An fara irin wannan haɗin gwiwa tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'a na kasuwar Panteka. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mutanenmu, don kuwa idan aka ce sai mai Turanci zai sami takarda, to an rufe ƙofa ga mafi yawan waɗanda suke yin aikin a zahiri, kuma ba za su daina yi ba, sai dai su ci gaba da yi a bayan idon hukuma.

Sai maganar lasisi, kuma a nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Takardar makaranta daban, rajistar sana'a daban, izinin yin kwangilar lantarki daban. Digiri ko difloma ko takardar NABTEB suna nuna cewa mutum ya yi karatu. Majalisar COREN, wadda aka kafa da doka a 1970, ita ke yi wa masu aikin injiniya rajista, kuma ba injiniyoyi kaɗai ba, har da masu fasaha da masu aikin hannu, kowa da rukuninsa. Doka ta hana wanda ba shi da rajista ya kira kansa injiniya, ko da yake in za a bi wannan sosai da an cika gidajen yari da masu gyaran fanka. Izinin yin aikin haɗa lantarki kuwa, a da wani sashe ne na masu duba ayyukan lantarki a ma'aikatar wuta ta tarayya yake bayarwa. Haka aka yi ta tafiya har zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972 bayan an haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwa na Neja. An yi dokar gyaran harkar lantarki a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, sannan a 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA. Ita ce a yau ke duba ayyukan lantarki, ta gwada mitoci (tana da tashar gwaji a Kaduna), ta kuma tantance masu aikin haɗa wuta ta ba su shaida. Shaidar hawa-hawa ce bisa ga girman aiki da ƙarfin wutar da mutum zai taɓa, domin wanda aka yarda ya yi wayarin gida ba lalle ne an yarda ya kafa taransifoma ko ya ja layi mai bolt 11,000 ko 33,000 ba. Kuma shaidar tana da wa'adi, sabunta ta ake yi. Masu lasisin suna da ƙungiyarsu da ake kira LECAN. Dokar Lantarki ta 2023 ta maye gurbin ta 2005, ta kuma buɗe wa jihohi ƙofa su kafa nasu hukumomin kula da wuta, saboda haka nauyin wannan al'amari yana ƙara matsowa kusa da mu ma'aikatan jiha.

A takarda komai ya yi daidai. Kamfanin rarraba wuta ma yakan nemi sa hannun mai lasisi kafin ya haɗa sabon gida. Matsalar ita ce abin da ake kira aron lasisi. Wani ne zai yi wayarin, wanda bai taɓa zama gaban masu tantancewa ba. In ya gama sai a ɗauki fom a kai wa mai lasisi a shagonsa, a ba shi 'yan kuɗi, ya buga hatimi ya sa hannu a kan gidan da ko unguwar da yake bai sani ba. A wurina wannan ya fi rashin lasisi muni, domin marar lasisi aƙalla bai yi wa kowa rantsuwa ba, shi kuwa wannan shaidar zur ya yi, kuma a kan rayukan mutane. Mu ma'aikatan gwamnati ba mu da bakin zargin masu shago kaɗai. An san yadda ake ba kamfani kwangilar wuta don mai shi na hannun daman wani ne, shi kuma ya sayar wa wani, wannan ya sayar wa na uku, kafin aiki ya iso hannun wanda zai riƙe filaya kuɗin da ya rage bai isa a sayi wayar kirki ba. Daga nan ne ake komawa ga wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, ko wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Araha dai ba ta ado.

Maƙwabtanmu na Gana sun ɗauki matakin da ya kamata mu duba. A 2011 suka yi dokar wayarin, wadda ta ce babu mai yin wayarin gini sai wanda ya ci jarrabawar Hukumar Makamashi ta ƙasar, ta rubutu da ta aikin hannu, kuma an raba shaidar gida uku: ta gidajen kwana, ta wuraren kasuwanci, da ta masana'antu. A Jamus yaro yakan yi shekara uku da rabi yana raba makonsa tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a, ana biyansa, kuma a ƙa'ida ba zai buɗe nasa kamfanin lantarki ba sai ya hau matakin gwani. A Amurka kuwa koyon yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, kimanin awa 8,000 na aiki ƙarƙashin mai lasisi, ban da zaman aji, sannan jihohi da yawa ba sa sabunta wa mutum lasisi sai ya kawo shaidar ya halarci kwas na ƙaro ilimi. Littafin ƙa'idojin wayarin nasu duk shekara uku ake sake shi. Ban kawo waɗannan misalai don in ce mu kwafo su dungurungum ba. Abin lura shi ne babu ɗayansu da ya jefar da koyo a wurin maigida. Ƙara masa aji da jarrabawa da rubutu suka yi.

Wannan ya kawo ni ga ƙaro ilimi, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Tsarin wayarin da muke bi a Nijeriya daga Ingila muka gaje shi, har da soket ɗinmu mai baki uku na am 13. Su Ingilan sun fara rubuta ƙa'idojinsu a 1882, kuma a 2018 suka fitar da bugu na goma sha takwas. A 2004 suka canza launin wayoyi: ja ya koma ruwan ƙasa, baƙi ya koma shuɗi. Yanzu a kasuwanninmu ana samun kaya masu tsohon launi da masu sabo, kuma a sabon tsarin baƙar waya tana iya zama mai ɗauke da wuta a layi mai fuska uku, alhali tsohon ma'aikaci ya saba baƙa ita ce marar wuta. Wannan kaɗai ya isa ya kashe mutum. Haka nan a da akan ɗaura atin a jikin bututun ruwa saboda na ƙarfe ne. Yau bututun roba ne, amma har yanzu akwai masu ɗaurawa, kamar wanda ya ɗaure akuya a jikin inuwa. Ita kanta sandar atin, a ƙasarmu ta Arewa, abin da za ta nuna a watan Agusta ƙasa tana jiƙe daban yake da abin da za ta nuna a watan Maris ƙasa ta bushe ƙamas, saboda haka wanda ya san aiki a rani yake son gwada ta.

Akwai kuma na'urar da ya kamata a ce tana kowane gida. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, ba mutum ba. Sai wuta ta wuce am 10 ko 20 ko 30 take yankewa, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na am guda ba yana iya tsayar da zuciya. Ita wannan na'ura da ake kira RCD auna abin da ya fita da abin da ya dawo take yi, in ta ga bambancin miliam 30, alamar wuta tana zurarewa ta wani wuri, wataƙila ta jikin yaro mai jiƙaƙƙen hannu, nan take sai ta yanke. Masu aiki da yawa ba sa son ta, wai tana yawan ɗauke wuta. Ai ba laifinta ba ne, laifin wayarin ne take faɗa.

Sai janareta. Wanda ya haɗa janareta da gida ba tare da makunnin sauya layi na kirki ba, wutarsa tana iya komawa baya ta bi layin kamfani, ta shiga taransifoma ta baya, bolt 230 ya zama dubbai, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya da tabbacin an kashe layi. Sannan ga sola, wadda ta cika gari tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 da ƙarin kuɗin wuta na 2024. Wutar da ke fitowa daga faifan sola da batir ba irin ta kamfani ba ce. Ta kamfani kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa wannan miƙe take, shi ya sa in ta yi tartsatsi a mahaɗa ba ta saurin mutuwa, kuma birekar da aka yi don waccan ba lalle ta iya yanke wannan ba. Faifan sola ba shi da makunni. Muddin akwai rana yana ba da wuta. Batirin litiyam ma da nasa sharuɗɗan. Duk wanda aka yaye shekara goma sha biyar da suka wuce bai koyi waɗannan a wurin maigidansa ba, don maigidan ma bai gan su ba. Gemu ba ya hana ilimi. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, wadda aka kafa a 2009, tana da rassa a Kainji da Kaduna da Kano da Jos, kuma tana yin gajerun kwasa-kwasai, har da na sola. Wanda ke Arewa ba shi da hujjar nisa.

Tunda na ambaci manyan layuka, bari in yi wata 'yar ratse, don na san a cikinmu akwai masu sayen filaye. Ƙa'ida ita ce a bar mita 5.5 kowane gefe na layi mai bolt 11,000 ko 33,000, mita 15 kowane gefe na mai 132,000, da mita 25 kowane gefe na mai 330,000. A watan Afrilu na 2017, a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗa kan rufin wani gidan kallon ƙwallo, mutane suka mutu suna cikin kallon wasa. In dillali ya nuna maka fili mai araha a ƙarƙashin waya, ka gaishe shi ka wuce.

Ranka ya daɗe Shugaba, ga abin da nake roƙon kwamitin ayyuka game da aikin da ke gabanmu. Duk wanda zai nemi aikin ya kawo shaidarsa ta NEMSA wadda wa'adinta bai ƙare ba, kuma a tuntuɓi ofishin hukumar a tabbatar da ita, kada a tsaya ga hoton takarda. A rubuta cikin yarjejeniya cewa mai shaidar da kansa zai tsaya a kan aikin, ba zai sayar da shi ba. A yi zane kafin a fara, a kuma ba makaranta kwafin zanen yadda aka gama, domin wanda zai zo gyara bayan shekara goma ya san inda waya ta bi. Wayar da za a saya ta kasance mai tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, mutum biyu daga kwamiti su je sayen, a yanki guntu a auna kaurinta a gabansu. Kada a rufe silin sai an duba. Kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an yi gwaji da na'ura, ba da testa ba: a gwada ƙarfin robar wayoyi, a gwada atin, a gwada RCD ta kowane ɗaki a ga ta yanke, a rubuta sakamakon a sa hannu. Ni da sauran 'yan'uwa masu wannan fanni za mu tsaya a wannan gwaji kyauta, da sharaɗin babu ɗayanmu da zai nemi kwangilar, shi ko ɗan'uwansa.

Roƙona na biyu ya shafi ƙannenmu da ke zaune a baya. Kowace shekara ƙungiya tana biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar shiga jami'a, kuma abu ne mai kyau. Amma mun san ba duk wanda ya rubuta yake samun gurbi ba, sauran kuwa sai mu manta da su. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar karatu kyauta da ɗan alawus a kwalejojin fasaha nata, alamar ita ma ta fara gane inda giɓin yake. Ina ba da shawara a ware wani abu daga asusun tallafi don ɗalibai biyar a shekara, maza da mata, a kai su wurin masu sana'a da aka tantance, da yarjejeniya a rubuce kamar yadda doka ta ce, a biya musu kuɗin jarrabawar gwajin sana'a ko ta NSQ, ɗaya daga cikinmu kuma ya riƙa leƙa su duk wata uku. A fara da wannan aiki namu: a sa wa ɗan kwangilar da ya ci sharaɗin ɗaukar biyu daga cikinsu, su bi shi tun daga fasa bango har ranar gwaji. Na riga na miƙa wa Sakatare ƙiyasin abin da hakan zai ci a shekarar farko, kuma ina fata za a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar Azahar.